Turakun Tanti da Tsiren Kawu Ila

Ba zan taɓa mantawa da wata sallar la'asar da na yi a bayan Baba Sidi ba, ido ɗaya a wurin sujada, ɗaya a kan tanti. Ko yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku san cewa ba wanda ya zalunce ni, bakina ne ya kai ni.

A shekarun nan da ake ta rushe gidaje don faɗaɗa Harami, ina ɗalibi a Makka, muna haya mu huɗu a ɗaki ɗaya a unguwar Utaibiyya. Idan Hajji ya zo, kamar sauran ɗalibai 'yan Najeriya, nakan samu aikin 'yan kwanaki a Mina. To, ga wanda bai taɓa zuwa ba: tantunan Mina ba kafa su ake yi duk shekara ba. A kafe suke dindindin, ginshiƙan ƙarfe ne a kan siminti, har da na'urar sanyaya ɗaki. Aikina shi ne in raba katifu, in ɗauko ƙanƙara, in riƙe tuta in nemo alhajin da ya ɓata a hanyar jifa. Shekara biyar ina wannan aiki, ko igiyar tanti ban taɓa ɗaurewa ba.

Ina da aboki, Faisal, mai gyaran waya a unguwar Mansur. Bahaushe ne haihuwar Makka, irin waɗanda Hausarsu ke tafiya da sanda, Larabci na riƙe da ita. Shi kuma yana da ƙanwa, Sakina. Ba sai na ja zance ba: na gani, na yaba, aka ba ni izinin gaisawa da ita ta waya, har magana ta kai ga in je in gaida mahaifinsu.

Baba Sidi tela ne, ya haura saba'in. Yana yaro ƙarami ya zo Makka da mahaifinsa a ƙasa, ta Sudan, bai sake komawa ba. Ba ya yawan magana. Da na durƙusa ya miƙo min hannu, sai na ji tafinsa kamar busasshen ƙirgi, farcen babban ɗan yatsansa kuma a murƙushe, ya baje. Na ce a raina, Allah sarki, keken ɗinki ya yi masa aiki.

"Malam, bayan karatu akwai wata sana'a?" ya tambaye ni.

"Akwai, Baba. Aikin tanti nake yi a Mina. Bana shekara biyar."

"Tanti?" Ya gyara zama. "Kafawa?"

Nan ne fa wurin. Da na ce "a'a, Baba, katifa nake rabawa," da yau ba ni da labarin ba ku. Amma na ga yadda idonsa ya buɗe, na kuma san akwai masu saurare a bayan labule. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Kafawa, gyarawa, kwancewa, duk muna taɓawa, Baba."

"Ma sha Allah," in ji shi. "Ashe da muhandis muke zaune."

(Muhandis injiniya ke nan. Daren ranar har a waya na maimaita wa Sakina kalmar sau uku, kamar ba da kunnenta ta ji ba.)

Bayan sati biyu Faisal ya same ni da saƙo. "Ya shekh, Abuya ya ce shi ba ya ba da 'ya sai ya yi tafiya da mutum. Haka ya yi wa mijin yayarmu. Za mu hau dutse, kwana ɗaya, bakin ruwa. Na sayi haima, yani tanti, sabuwa a leda. Ya ce ba sai mun koya ba, tunda muna da muhandis."

Na ce, "Ai abu mai sauƙi."

Mu huɗu muka tafi a motar Faisal: shi, Baba Sidi, ni, da Kawu Ila, ƙanin mahaifiyar Sakina, mai tsire ne a Mansur, mutum mai ban dariya da ba ya iya tafiya ko'ina ba da yajinsa ba. Mun baro Makka tana tafasa, muka hau hanyar nan mai lanƙwasa, muka wuce Ɗa'ifa muka nausa kudu. Ni da na saba da duwatsun Makka masu sanƙo, sai ga duwatsu sun yi gashi. Bishiyoyin ar'ar ko'ina, gajimare yana shafa gilashin mota, birai zaune a bakin titi suna kallonmu kamar masu karɓar haraji. Wajen azahar muka isa sansanin. Madatsar ruwa ce aka yi tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya taru ya zama tafki kore shar, aka yanka wa masu yawon shan iska filaye a gefensa. Akwai mai gadi a ƙofa da usur a wuya, akwai kuma allo da aka rubuta cewa an hana iyo. Na karanta allon na yi murmushi, don ni ko kududdufin unguwarmu a Kano ban taɓa shiga ba.

Muka samu fili a ɗan tudu mai gangarawa zuwa ruwa. Faisal ya jefo min wata doguwar jaka. "Tafaddal, ya muhandis."

Baba Sidi ya shimfiɗa darduma a gindin bishiya, ya zauna, ya fito da carbi. Bai kalli tafki ba, bai kalli duwatsu ba. Ni yake kallo.

Na zazzage jakar. Wani ƙyalle shuɗi mai santsi ya faɗo, da wasu siraran sanduna a kakkarye waɗanda roba ta haɗa su ta ciki, da wata 'yar jaka mai ƙara, da takardar bayani. Wallahi na so in karanta takardar nan. Amma muhandis da takarda? Na miƙa wa Kawu Ila na ce ya kunna gawayi da ita.

Abin da ya biyo baya, Allah kaɗai Ya san yadda na fita. Na haɗa sanda ta tsalle ta mare ni a kunci. Na zura ta a wani rami na ƙyallen ta fito ta inda ban aike ta ba. Sau biyu na tsinci kaina a cikin ƙyallen ina neman ƙofa. Ana wannan sanyi ni gumi nake yi, ina kuma yi musu sharhi don kada shiru ya tona ni.

"Waɗannan ƙananan sun fi ba da wahala, Baba. Mu da manya muka saba, masu cin mutum hamsin."

"Haka ne," in ji Baba Sidi.

Hoton da ke jikin jakar ne ya cece ni. Na saci kallonsa, na gane cewa sandunan a gicciye suke a sama. Bayan kusan awa guda, sai ga tanti ya tashi tsaye, zagaye kamar an kife ƙwarya. Na ja baya na riƙe ƙugu. Ni kaina na yi mamakin kaina.

Saura 'yar jaka mai ƙara. Na buɗe: igiyoyi huɗu sirara, da wasu ƙarafa goma sha biyu, kowanne tsawon taƙi, bakinsa da tsini, kansa a lanƙwashe. Na juya su, na kalli tanti, ba inda ya rage da zai ci ƙarfe. A Mina kuwa ban taɓa ganin irinsu ba. Ina cikin wannan tunani sai Kawu Ila ya dafe kai.

"Kai! Inna lillahi! Na yanka nama, na kwaɓa ƙuli, na bar tsinke a shago!"

Jama'a, shaiɗan ba ya hutu. Na dubi ƙarafan nan, na dubi naman, sai na ji komai ya zauna daram.

"Kawu, kwantar da hankalinka. Ga su nan. Ai tantunan zamani da tsinken gashi suke zuwa, kyauta ce kamfani ke sakawa."

Kawu ya karɓi ɗaya ya jujjuya. "To wannan ƙugiyar ta kansa fa?"

"Mariƙi ne, don kada ka ƙone."

"Igiyar fa?"

"Ta shanya ce."

"Kai, Bature!" in ji Kawu. "Komai ya tanada."

Faisal ya buɗe baki, "Bas, ya shekh, waɗannan ai..." sai ya yi wata 'yar ƙara ya yi shiru. A lokacin na ɗauka ƙaya ya taka. Sai daga baya na san carbin Baba ne ya sauka a gwiwarsa.

Na ce bari in kwaso barguna da jakunkuna daga mota in zuba a tanti. Baba ya ɗaga hannu. "Bar su tukuna, muhandis, sai yamma." Sannan ya miƙe, ya cire hularsa, wata tsohuwar hula mai ɗinkin hannu da ta koɗe har ba a gane kalarta. Ya ce raɓar nan za ta jiƙa ta, ita ce mahaifinsa ya taka da ita daga Kano har Makka, ita kaɗai ya gada. Ya shiga tantina ya rataye ta a wata 'yar ƙugiya da ke tsakiyar rufin, ya fito ya sa hular sanyi. Na ji kaina ya ƙara girma. Hular gado a tantin da na kafa! Na ce a raina, Sakina, an gama.

Gaskiya tsiren ya yi daɗi. Ban taɓa cin tsire mai zafi har ciki irin wannan ba, don ƙarfen ya riƙe wuta. Baba Sidi ya ci tsinke biyu, yana ci yana duban ƙarfen yana gyaɗa kai. Kawu ya jera zagaye na biyu a kan wuta, lokacin la'asar ya yi. Na sauka wurin famfo na yi alwala, na dawo na tarar har wasu Larabawa uku daga filin da ke kusa da mu sun zo bin jam'i. Aka tura Baba gaba. Alƙibla ta fuskanci tafki, tanti kuma yana hannun damanmu, ɗan gaba kaɗan.

Raka'a biyu ce kawai, sallar matafiya. Amma Baba Sidi mutum ne da ba ya gaggawa da Ubangijinsa.

Ana kabbara iska ta taso. Irin iskar dutse ce, ba ta sallama. Ina cikin Fatiha na ga ta wutsiyar ido tanti ya yi wata girgiza. Na ce, ba komai. Muka yi ruku'u, tanti ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye. Muka ɗago, ya ɗaga biyu. Muna sujada na ji wani sauti, fuuu, sannan shiru.

Da muka miƙe raka'a ta biyu, babu tanti a inda na bar shi. Yana gabanmu. Ya mirgino a hankali, ya gifta ta gaban liman kamar mai neman a ba shi hanya, ƙofarsa a buɗe tana kaɗawa. Ya ɗan tsaya daidai saitin Baba. Sai ya juya ya kama gangara.

(Ni ɗalibin fiƙihu ne. A tsaye a wurin nan na bi mas'alar yanke sallah don ceton dukiya daga farko har ƙarshe, na ga akwai sauƙi a cikinta. Amma wane malami ne ya yi bayanin yanke sallah a bayan surukin da bai riga ya ce "na ba ka" ba? Na tsaya. Sallar dai na rama ta daga baya, don ban san me na karanta ba.)

A nan ne kuma, ina tsaye hannu a sake, ƙamshin tsire yana bugo ni, Allah Ya buɗe min fahimta. Ƙarfe mai tsini. Kai a lanƙwashe. Ƙananan madaukai da na gani a kowace kusurwar tanti na ɗauka ado ne. Turaku ne! Turakun da ake kafe tanti da su a ƙasa, ga su can a kan gawayi da nama a jikinsu. Balaraben da ke gefena kafaɗarsa sai rawa take yi, bawan Allah yana ta kokawa da dariya.

Muna zaman tahiya tanti ya isa ruwa. Bai nitse ba. Ya hau kai ya fara tafiya abinsa, da hular gado a ciki.

Baba na yin sallama na yi tawa a guje. Na gangara da jallabiyata, na wuce allon hana iyo, na faɗa tafki. Sanyin ruwan ya daki ƙirjina kamar an jefe ni da ƙanƙarar Mina gaba ɗaya. Na yi taku huɗu, laka ta riƙe takalmina, na ci da baki. Na sha ruwa, na ɗago, na sake sha. Na fara kalmar shahada da ƙarfi, ina dukan ruwa hannu bibbiyu, ina kiran sunan mahaifiyata. Mai gadi yana ta busa usur. Mata da maza sun fito daga tantunansu, wayoyi a sama.

Cikin wannan hali na jiyo muryar Kawu Ila daga tudu.

"Muhandis! Miƙe tsaye! Kai, miƙe tsaye mana!"

Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Da ƙasa tana tsagewa don tausayi, da ranar ta tsage min. Amma hula tana gaba. Na daure na ci gaba da takawa, ruwa ya kai ƙirji, ya kai wuya, ina tafe a kan yatsu, har Allah Ya sa wani busasshen reshe ya riƙe tantin. Na cafko shi na jawo, na fito da shi tudu ina rawar ɗari, takalmi ɗaya, ganye a ka. Na zura hannu ciki na laluba ƙugiyar rufin.

Babu hula.

Na juye tantin, na zazzage shi, na shiga ciki da rarrafe. Babu. A nan dariyar mutane ta daina damuna. Mutum ya riƙe abu ɗaya na ubansa shekara sittin da wani abu, ya tsallake hamada da teku da shi, ni na zo da ƙaryata na jefa shi a tafki cikin yini ɗaya. Na manta da Sakina ma a lokacin, wallahi. Na taka har gaban Baba Sidi na durƙusa, ruwa na zuba daga jikina, hawaye na bin sa.

"Baba, ka yafe min. Hular ta tafi. Kuma ni ba muhandis ba ne. Ban taɓa kafa tanti ba sai yau. A Mina katifa nake rabawa, da ƙanƙara. Ƙarafan nan ma ba tsinke ba ne."

Kawu Ila ya dubi abin da ke hannunsa ya daina tauna.

Baba ya bar ni na gama. Sannan ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa, ya zaro hular a ninke, a bushe ƙamas, ya karkaɗe ta.

"Kana alwala na ɗauke ta," in ji shi. "Ni da na yi shekara ashirin ina kafa tanti a Mina, tun ana yin na ƙyalle da igiya, zan bar hular ubana a tantin da ba turke?"

Ya ɗaga babban ɗan yatsan nan mai murƙushasshen farce ya nuna min. "Wannan guduma ce, ba keke ba."

Ashe kifi na ganina mai jar koma. Tun ranar da na ce "kafawa" a falonsa ya san inda na dosa, don ya fi kowa sanin cewa rabon da a kafa tanti a Mina tun ina firamare. Faisal ya kwanta a ƙasa yana dariya yana "ya Allah, ya Allah." Kawu kuwa cewa ya yi, shi dai ba ruwansa, tsinken ya yi masa, zai nemi irinsa.

Na sunkuyar da kai. Na san an gama, amma ba irin gamawar da na yi zato ɗazu ba. Na fara lissafin yadda zan zauna a mota ɗaya da su har Makka.

Baba ya miƙa hannu kan wuta ya ɗauko turke ɗaya da namansa ya ba ni. "Cinye, ka wanke, ka zo."

Haka muka zauna muka cinye tsiren dole. Na wanke turaku da toka, Faisal ya ba ni bargo na yafa, Baba ya durƙusa da gwiwoyinsa na tsufa ya nuna min. Ƙofa tana juya wa iska baya. Turke ba a miƙe ake kafa shi ba, a karkace, kansa yana kallon waje. Ya ba ni dutse na buga, na bugi yatsa, ya ce, "Yauwa, yanzu ka fara aikin tanti." Goma sha ɗaya muka samu, ɗaya ya ɓata. Kafin rana ta faɗi tanti ya tsaya da ƙafafunsa, jiƙaƙƙe amma a kafe, iska na bugunsa yana nan.

Baba ya ja igiya ɗaya ya gwada ta, bai kalle ni ba ya ce, "In mun koma, ka gaya wa manyanka su zo."

Na ɗauka kunnena ne ya sha ruwa. "Baba?"

"Na ce zan yi tafiya da kai, na yi. Na ga bakinka ya fi hannunka tsawo. Na kuma ga ka faɗa ruwa saboda hular wani, alhali ba ka iya iyo ba, ka fito ka faɗi gaskiya ba wanda ya tambaye ka. Hannu ana koya masa." Ya saki igiyar. "Bakin kuma Sakina za ta ji da shi."

Ta kuwa ji da shi. Turke na goma sha biyu bai ɓata ba, Kawu Ila ne ya soke shi a aljihu, ya kuma saka shi cikin kayan kicin ɗin amarya. Yana nan rataye kusa da murhu har yau. Duk ranar da muka yi baƙi na fara "ai mu da muka yi aiki a Mina," sai in ji ana ƙwanƙwasa tukunya da ƙarfe daga kicin, ƙwan, ƙwan, sai in ce, "wato rabon katifa." A Mansur kuwa har gobe ba wanda ya san sunana na yanka. Muhandis ne, daga masu shago har limamin unguwa.

Abin da na koya bai da yawa. In an tambaye ka sana'arka, faɗi wadda hannunka ya yi, ko da ɗaukar ƙanƙara ce. In kuma ka ga dole sai ka yi wa tsoho burga, to don Allah, kafin ka buɗe baki, dubi babban ɗan yatsansa ka tambayi abin da ya same shi.